Yadda Mai Littafi Ke Sa Mu Tausaya Wa Bare

Ga wani abin mamaki da ya kamata mu tsaya mu yi tunani a kansa. Mutum ya kan wuce baƙo a bakin kasuwa, ya ga ƙafarsa ta yi furu-furu da ƙura, ko sannu ba ya ce masa. Amma da dare ya kunna fitila, ya buɗe littafi, ya karanta labarin wani yaro bawa wanda ba a taɓa haihuwarsa ba, sai ka ga hawaye ya cika masa ido. Na kasuwa mai rai ne, yana jin yunwa da gaske. Na littafi kuwa tawada ce kawai a kan takarda. To, ƙaƙa mai littafi ya yi har ya sami abin da mai yunwa ya rasa? Wannan hawaye kuma, abin kirki ne, ko kuwa ruɗi ne?

Bari mu fara da wanda mu ke kira bare. Bare shi ne wanda ba na gida ba: baƙo, da bawa, da maraya a hannun kishiyar uwa, da kuturu a bayan gari, da wanda harshensa ko addininsa ya bambanta da namu. Zuciyar ɗan Adam kamar gida ce mai danga. Wanda ke ciki, in ƙaya ta soke shi mu kan ji zafin. Wanda ke waje, ko da mashi ne ya soke shi, a gare mu labari ne kawai. Aikin mai littafi shi ne ya zare kara biyu ko uku daga jikin dangar, ya shigo da baren ciki tun ba mu farga ba. Yana da dabaru na yin haka, ya kyautu kuwa mu san su.

Yaron Kagara

A shekarar 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya sa gasar rubuta labarai da Hausa. A cikin littattafan da suka fito daga wannan gasa akwai Shaihu Umar, na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda a lokacin malamin makaranta ne a Bauchi, daga baya ya zama Firayim Minista. Mu tuna irin zamanin da ya yi rubutun. Dokar da ta kashe bauta gaba ɗaya a Arewa ba ta fito ba sai 1936. Watau da yawa daga cikin masu karatunsa na fari sun tashi ne a gidajen da ke da bayi da cucanawa, sun saba ganin bawa kamar yadda a ke ganin jaki ko galma. Irin waɗannan mutane ne ya sa suka ji ciwon bawa.

Dabararsa ta fari ita ce bai nuna mana bawa tukuna ba. Ya fara nuna mana malami mai girma a garin Rauta, almajirai sun kewaye shi, kowa na ganin darajarsa. Sai da muka riga muka girmama shi, sa'an nan wani almajiri ya tambaye shi asalinsa, ya buɗe baki ya ce shi mutumin Kagara ne, ya ba da labarin yadda aka sace shi yana ƙarami, aka kai shi Kano, wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ƙetare hamada da shi. Da mai littafi ya fara da yaro cikin ayarin bayi, da mai karatu ya ce, ai bawa ne, ya wuce. Amma yanzu ba dama, gama wanda ka riga ka durƙusa ka gaishe shi ba ka iya juyowa ka raina shi.

Dabara ta biyu, Umar da bakinsa ya ke ba da labarin. Duk sa'ad da mai karatu ya karanta "ni," bakinsa ne ya faɗi kalmar. Kafin ya kai tsakiyar littafin ya ce "ni" sau da yawa a madadin wani, har ya fara jin tsoron da yaron ya ji da dare a daji.

Dabara ta uku ita ce mafi ƙarfi: ya ba yaron uwa. Uwar Umar ba ta zauna ta yi ta kuka kaɗai ba, ta tashi ta bi sawun ɗanta. A hanya ita ma aka mai da ita baiwa, aka kai ta Murzuk, aka kai ta Tarabulus. Mu masu karatu muna sane da wahalarta tun ɗan bai sani ba, saboda haka zuciyarmu ta kan yi ta rawa, ko za su sadu ko ba za su sadu ba. Suka sadu kuwa bayan shekaru da yawa, ba a daɗe ba ta rasu. Ba kowa ne ya taɓa zama bawa ba, amma kowa uwa ce ta haife shi. Ta wannan ƙofa mai littafi ya shigo da baren.

Abu Ƙarami Da Mutum Ɗaya

Kakanninmu mata sun san wannan tun ba a kawo takarda ba. Ku tuna tatsuniyoyin marainiya da na 'yar bora da a kan yi wa yara da dare. Tsohuwa ba ta cewa, yara, zalunci mugun abu ne. Sai ta ce an ba 'yar mowa tuwo mai zafi da miya, an ba 'yar bora ƙanzo. An aike ta rafi ɗiban ruwa bayan rana ta faɗi. Yaron da ke saurare ya san ƙanzo, ya san duhun hanyar rafi, saboda haka jikinsa ne ke ba shi labarin. Tausayi ba ya shiga ta babbar magana. Ya kan shiga ta yunwa, da sanyi, da tsoro, da kunya, abubuwan da kowane jiki ya sani.

Haka kuma ba ya shiga ta yawan lissafi. In aka ce mana an sayar da bayi dubu goma, mu kan girgiza kai mu ci gaba da cin abinci. A ƙasar Amurka mutane sun daɗe suna jin irin wannan lissafi. A 1852 wata mace, Harriet Beecher Stowe, ta fitar da littafi mai suna Uncle Tom's Cabin. A cikinsa akwai wata baiwa, Eliza, wadda ta ji za a sayar da ɗanta, ta ɗauke shi da dare ta gudu, ta ƙetare kogin Ohio tana tsalle bisa gutsattsarin ƙanƙara da ke yawo a kan ruwa. Ita mai littafin ɗanta ƙarami ya mutu da kwalara a 1849, ta san abin da a ke ji in an raba uwa da ɗa. A shekara ɗaya aka sayar da littafin wajen 300,000 a Amurka, mutane da yawa kuma suka juya wa bauta baya. Mace ɗaya mai suna, da yaro ɗaya a hannu, sun yi abin da lissafin dubbai ya kasa.

Ɓoye Suna, Da Juya Labari

Mu da muka saba da Littafi Mai Tsarki mun ga waɗannan dabaru a cikinsa, har da waɗansu da suka fi su zurfi.

Ku dubi annabi Natan a gaban Sarki Dauda, cikin 2 Sama'ila sura 12. Wanda aka cuta Uriya ne, Bahitte, watau ba Ba'isra'ile ba. Da Natan ya shiga ya ambaci sunansa, da sarki ya ja danga ya rufe. Maimakon haka sai ya kawo labarin wani matalauci mai 'yar tunkiya guda ɗaya tak, wadda ta girma tare da 'ya'yansa, tana ci daga abincinsa, tana kwana a jikinsa, da wani mai arziki wanda ya ƙwace ta ya yanka wa baƙonsa. Dauda tsohon makiyayi ne, ya san ƙaunar ɗan rago. Ya husata, ya yanke hukunci mai tsanani, sa'an nan Natan ya nuna masa kansa ya yanke wa. Mai labari ya ɓoye suna har zuciya ta yi shari'ar gaskiya, kafin son kai ya farka.

Littafin Rut ya bi wata hanya dabam. Bai ɓoye asalinta ba, sai ma maimaitawa ya ke yi cewa Bamowabiya ce, alhali kuwa Isra'ilawa ba su ɗauki Mowabawa a bakin kome ba. Amma duk inda ya kira ta da sunan kabilarta, sai ya nuna ta tana wani aikin da mu ke so 'yarmu ta yi: ta ƙi rabuwa da surukarta Na'omi, ta fita kala a gonar wani tun da safe, ta kawo wa tsohuwa ragowar abin da ta ci. Wanda ya taɓa ganin gwauruwa tana kala a gonar dawa bayan girbi ya san irin wannan sunkuyo. A ƙarshe sai a gaya mana ita ce ta haifi kakan Sarki Dauda. Ashe bare na cikin jinin gidan sarauta.

Misalin Basamariye cikin Luka sura 10 ya fi duka wuyar haɗiya. Mutumin da 'yan fashi suka buge a hanyar Yariko an tuɓe shi, ba ya iya magana, ba riga ko harshe da za su nuna ko shi wane ne, don haka kowane mai ji ya kan sa kansa a wurinsa. Muna kwance a bakin hanya, namu biyu suka wuce, sai wanda mu ke ƙyama ya tsaya. A nan ba a roƙe mu mu ji tausayin bare ba. An kwantar da mu ne a inda mu ke bukatar tausayinsa. Wanda aka yi wa misalin, da aka tambaye shi wane ne maƙwabci, bai iya ko furta sunan kabilar ba, sai ya kewaya.

Wuƙar Da Ke Fiɗa Ita Ke Yanka

Yanzu sai mu juya mu dubi bayan abin. Mai littafi da ya iya shigo da mutum cikin danga ya iya barin wani a waje, sau da yawa ma ba da nufi ba. A cikin Shaihu Umar ɗin nan, mijin uwar Umar, Makau, bafaden sarki ne. Sarki ya aike su hari ƙasar Gwari su kamo bayi. Da suka komo, abokan gaba suka yi masa sharri cewa ya ɓoye waɗansu daga cikin bayin da ya kamo, aka kore shi daga gari. Mu kan ji tausayin Makau ƙwarai, mutumin kirki ne da aka zalunta. Amma waɗanda ya kamo fa? Ba mu san sunan ko ɗaya ba. Su ma suna da uwaye da suka bi daji suna kira. Littafin bai bi su ba, mu ma ba mu bi su ba. Wannan bai rage darajar littafin ba, sai dai ya nuna mana fitilar mai labari wuri ɗaya ta ke haskawa, duk wanda ke bayanta yana cikin duhu.

Akwai kuma mai barin mutum a waje da gangan, dabararsa kuwa kishiyar waccan ce daidai. Ba ya ba shi suna, sai sunan kabila: wani Bagwari, wani Bafillace, wani baƙauye, wani Bamaguje. Ba ya ba shi uwa ko ɗa. Ba ya barinsa ya ce "ni," sai dai a kwaikwayi karin harshensa don a yi dariya. Da yawa daga cikinmu a wannan yanki na Karfi da Malumfashi da Kafur iyayenmu ko kakanninmu Maguzawa ne, mun kuwa san irin labaran da a kan ba da a kansu a zaure da kasuwa: mashayin giya, marar wayo, wanda a kan ruɗa a ciniki. Mutanen da suka cika rumbuna da dawa har suka ciyad da birni, a cikin labari sun zama abin dariya. Duk wanda ya taɓa zama cikin taro aka yi irin wannan dariya, ya yi murmushin dole, ya san nauyin abin.

Akwai ma tausayin da ke da raini a ciki. A 1939 wani Bature, Joyce Cary, wanda ya yi aikin mulki a Borgu, ya rubuta littafi mai suna Mister Johnson a kan wani akawu baƙar fata a Arewa. Yana son akawun nasa, amma irin son da a ke yi wa yaro mai ban dariya. Chinua Achebe ya karanta shi, bai ga kansa ko mutanensa a ciki ba, wannan na cikin abin da ya tura shi ya rubuta Things Fall Apart, wanda ya fito a 1958. Haka nan daga baya baƙaƙen Amurka da yawa suka ƙi yadda Stowe ta siffanta Tom, suka ce ta mai da shi mai haƙurin da ya wuce na mutum. In sai bare ya zama marar laifi kamar jariri kafin mu tausaya masa, to, ba mu karɓe shi a matsayin mutum ba tukuna.

Ruɗi Ne, Ko Gaskiya?

Wani zai ce, tun da ya ke dabara ce, ashe wasa a ke yi da hankalinmu, gara mu tsare zuciyarmu. Akwai gaskiya cikin wannan magana, kada mu yar da ita. Tausayi ya kan makantar da shari'a. A cikin Jiki Magayi, na John Tafida da Rupert East, wanda shi ma daga waccan gasa ya fito, wani mai dukiya ya ƙwace wa Abubakar yarinyar da zai aura. Muna bayan Abubakar, muna jin zafinsa, muna binsa yana neman ramuwa. Sai can mu ga ramuwar ta sauka a kan yaron da aka haifa, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Littafin ya bar mu muka bi tausayinmu har muka ga inda ya kai mu. Wanda aka cuta ya cancanci a ji kukansa, amma cutar da aka yi masa ba ta wanke cutar da shi ya yi.

Duk da haka ba mu yarda a ce ruɗi ne ba. Sa'ad da mai littafi ya gaya mana bawa yana da uwa, ƙarya ya yi? Sa'ad da ya ce baƙo na jin kunya in aka yi masa dariya, ƙari ya yi? Duk gaskiya ce da muka sani tun dā, muka ajiye ta a gefe domin ta fi sauƙin zama haka. Ruɗin yana wurin danga, wadda ta ce mana ciwon na waje bai kai namu ba. Mai labarin kirki tuna mana kawai ya ke yi. Ma'aunin da za mu auna shi da shi ke nan: in ya ƙara mana sanin mutum, da kirkinsa da laifinsa, ya yi mana alheri, in ya rage mutum ya zama abin dariya, ko dodo, ko jariri, ya cuce mu ko da labarin ya yi daɗi.

Haɗarin da ya fi girma dabam ne. Kuka a kan littafi ba shi da tsada. Umar ba zai ƙwanƙwasa mana ƙofa ya nemi aron gona ba, Eliza ba za ta nemi wurin kwana ba. Mutum na iya yin hawaye, ya ji kamar ya biya bashi, alhali bai ba da ko mudu ɗaya ba. Achebe ya nuna wannan sarai. A cikin littafinsa akwai waɗanda Ibo ke kira osu, mutanen da aka keɓe, ba a aure da su, ba a cuɗanya da su. Da suka ga sabuwar ekklesiya na karɓar waɗanda gari ya ƙi, suka shigo. Sai masu bi, waɗanda su kansu gari ya ƙi su, suka tashi suka ce ba za su zauna tare da su ba, har ɗaya ya fita ya koma. Waɗannan mutane sun sha jin labarin Basamariye. Ji bai gagare su ba, zama a benci ɗaya ne ya gagare su.

Mu Ma Masu Labari Ne

Kada wani ya ce wannan zancen marubuta ne, bai shafe shi ba. Kowannenmu na ba da labari kullum, a gindin bishiya, a wurin sussuka, a cikin mota zuwa Funtua, yanzu kuma har ta wayar hannu. Ƙasarmu ta ga wahala. A watan Disamba 2020 aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandare ta Ƙanƙara, maƙwabciyarmu, ƙauyuka da yawa a Faskari da Sabuwa kuma suka sha hari, mutane suka bar gonakinsu suka gudu. Akwai masu karanta wannan takarda da suka binne nasu, ko suka sayar da shanu da hatsi don su fanshi ɗan'uwa. Ba mu ce su ji tausayin wanda ya ɗauki bindiga ba kafin a yi shari'a. Mai laifi mai laifi ne.

Amma mu lura da bakinmu. In muka ba da labarin harin muka ce "Fulani sun zo," muka tsaya nan, mun yi wa wani abin da aka yi wa kakanninmu: mun cire suna, mun sa kabila. Mun haɗa ɗan bindiga da matar da ke kawo mana nono shekara ashirin, da makiyayin da shi ma aka kore masa garke aka bar shi da sanda. Yaran da ke zaune suna ji za su tashi da wannan danga, ta fi tamu tsawo. Haka kuma iyalin da suka gudo suka raɓe a bayan gari, in sunansu a bakinmu "'yan gudun hijira" ne kawai, ba za mu taɓa jin ciwonsu ba.

Saboda haka ga abin da mu ke roƙo. Duk labarin da kuka karanta ko kuka ji, ku tambayi kanku: wa aka ba suna a nan, wa aka hana? Wa aka bari ya yi magana da bakinsa? Uwar wa aka nuna mana, ta wa aka ɓoye? Malaman makaranta su yi wa yara waɗannan tambayoyi in sun karanta Shaihu Umar tare, iyaye mata su yi su bayan tatsuniya. Sa'an nan mu ɗauki dabarar mai littafi mu yi aiki da ita a kan mai rai. Ka tambayi baƙo sunansa da garinsu. Ka tambaye shi ina iyali. Ka yi shiru ya ba da labarinsa da bakinsa har ya gama, sa'an nan ka ga abin da ke hannunka da za ka iya yi.

Hausa ta raba tausayi da jinƙai. Tausayi a zuci ya ke, littafi na iya tashe shi. Jinƙai kuwa sai da hannu da ƙafa, gama an ce zumunta a ƙafa ta ke. Mai littafi ya yi nasa in ya buɗe danga. Ba shi zai shimfiɗa tabarma ya kawo ruwa ba, wannan aikin mai gida ne.